Yadda za ka kashe ƙarar da ke tashi idan ka jona laftof da miksar DJ

Salam 'yan'uwa. Tambayar nan ta yi yawa wallahi, kusan duk sati sai wani ya kara wayarsa a bakin sifika ya ɗauko sauti ya turo min a WhatsApp, wai "Yaya saurari wannan, mene ne ya lalace?" Wani daga Makka, wani daga nan Jidda, har da wata ƙanwarmu da ke yi wa mata DJ a Madina. Kuma labarin kusan ɗaya ne kullum, an gwada kaya a gida lafiya lau, an ɗauka an kai istiraha, wato gidan da ake haya don biki a nan Saudiyya, an jona, tun kafin a saki waƙa ɗaya sifika ta fara gurnani kamar an ɗaure rago a cikinta. Toh na gaji da maimaitawa ɗai-ɗai, ga shi nan a jere yadda ni nake bi.

Kafin komai, don Allah kar ka sayi komai tukuna. Na ga wanda ya canza miksa sukutum alhali matsalarsa wayar riyal 20 ce. Ƙarar da kanta tana gaya maka daga inda ta fito, aikinka kawai ka riƙa cire abu ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Ɗaya fa na ce, idan ka canza abu uku lokaci guda ƙarar ta ɗauke ba za ka san wanne ne ya yi maganin ba, sati mai zuwa a wani zauren ta dawo maka.

Sannan ka je da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kun san yadda bikinmu yake a nan, sai bayan isha'i ake fara cika, kuma idan ɓangaren mata ka haɗa wa kaya, da zarar sun fara shigowa kai ka fita kenan, ba ka da damar komawa ka taɓa waya ɗaya. Ni bayan la'asar nake shiga in gama gwajina kafin magariba.

Abin da ya kamata ya kasance a jakarka: wayar sauti guda biyu irin mai ƙaramin kai na 3.5 a gefe ɗaya da RCA ja da fari a ɗaya gefen, hedfon mai rufe kunne, tausila mai kyau mai baki uku (abin da a gida muke ce wa ekstenshin), tocila, da waƙa ɗaya mai tsabta wadda ka san sautinta sosai. Sauran kayan zan faɗe su a inda ake buƙatarsu.

1. Saurara tukuna, wace irin ƙara ce

Kashe waƙa, bar komai a jone, ɗaga murya a hankali. Ba duk ƙara ce iri ɗaya ba kuma kowacce da maganinta.

Idan gurnani ne mai kauri daga ƙasa, huuuum, ba ya hawa ba ya sauka, wannan wuta ce. Idan zzzz ne kamar ƙudan zuma, ita ma wuta ce amma galibi caja ko fitilu sun sa hannu. Idan ssss ne kamar ana yayyafi a kan kwano, wannan ka ware murya fiye da kima a wani wuri. Idan kuka ne siriri kamar na sauro, kuma yana canzawa in ka motsa maus ko ka buɗe wani abu a allo, daga cikin laftof ɗin yake fitowa. Idan kuma ƙas-ƙas ne ko waƙa na yankewa tana dawowa, ko dai waya ta yi sako-sako ko kwamfutar ce ke haki.

Wani abin lura ga wanda ya saba aiki a Kano ko Zinder ko Khartoum, gurnanin nan ƙasar ya ɗan fi na can kaifi kaɗan. Ba kunnenka ba ne. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, wato bugu 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50 ce, kuma gurnanin yana bin bugun wutar ne.

2. Tabbatar laftof ɗin ne mai laifi

Wannan minti ɗaya ne. Sauke murya, zare wayar laftof daga bayan miksa gaba ɗaya, ɗaga murya. Idan ƙarar na nan, ka ƙyale laftof, matsalar tsakanin miksa da amfilifaya ko sifika take, ko wata canel da ka bari a buɗe. Sauke feda, wato maɓallin murya da ake turawa sama da ƙasa, ta duk canel ɗin da ba ka amfani da ita, musamman ta makirfo. Sannan ka sa hedfon a miksa. In a hedfon shiru ne amma sifika na gurnani, toh daga fitar miksa zuwa gaba za ka bincika.

Gargaɗi: ka zare ta wajen miksa, ba ta wajen laftof ba. Idan ka bar wayar a jikin miksa kanta na lilo a iska ko yana taɓa tebur, ita kanta za ta riƙa jawo ƙara ta ruɗa ka. Kuma kar ka taɓa zarewa ko cusawa murya na sama, bugun da take yi yana iya fasa ƙaramar sifikar sama.

3. Duba ramin da ka jona, LINE ne ko PHONO

Kunyar faɗa ake ji amma wannan kuskuren ya fi kowanne yawa wajen sababbi. A bayan miksar DJ, Pioneer ce ko Numark ko Behringer, galibi canel tana da ramuka biyu-biyu, wasu an rubuta LINE ko CD, wasu an rubuta PHONO. Kamarsu ɗaya sak, a cikin duhu ba ka bambancewa, shi ya sa na ce ka riƙe tocila. PHONO na na'urar faifan garmaho ne, wadda sautinta ɗan mitsitsi ne, saboda haka ramin yana ninka abin da ya shigo kusan sau 100, ya ƙara bas ya danne sama. Ka zuba masa sautin laftof, abin da zai fito ruɓaɓɓe ne, bas kamar ganga ta fashe, ga gurnani a ƙarƙashi. Mayar da ita LINE, sannan ka duba ɗan makunnin da ke saman canel ɗin ko a bayan miksa, shi ma ya kalli LINE. Wani lokacin wayar na daidai makunnin ne yaro ya taɓa.

Ramin MIC ma haka, ba wurin laftof ba ne.

Akwai wani kuma da ke faruwa ga masu amfani da miksar zaure irin Yamaha mai ramukan babban jak. Mutum ya sayo waya mai ƙaramin kai a gefe ɗaya da babban kai guda ɗaya mai zobe biyu a ɗaya gefen, ya cusa a rami ɗaya. Sai ka ji kiɗa na tafiya amma muryar mawaƙi ta ɓace ko ta koma kamar daga cikin rijiya, bas ma ya tsere. Ramin nan yana cire sautin dama daga na hagu ne, duk abin da ke tsakiya sai ya mutu. Nemi wayar da ta rabu biyu, kowane kai da raminsa.

4. Zare caja

Ga gwajin da ya fi kowanne amfani. Komai a jone, ƙara na tashi, sai ka zare caja daga jikin laftof ya koma kan batir. Idan ɗif ta ɗauke, ka gano ɓarawon.

Abin da ke faruwa a taƙaice: cajar laftof mai baki uku tana haɗa jikin laftof da wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta a nan ke kira ardi. Miksa ko amfilifaya ita ma tana da nata ardin ta wata soket ɗin. Sai kai kuma ka zo ka haɗa su biyun da wayar sauti. Hanya ta zama zobe kenan, kuma da yake ardin wannan bango da na wancan bango ba su cika zama daidai ba, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sautinka, miksa kuwa ba ta san bambancin wuta da waƙa ba, duk abin da ya shigo ƙara masa ƙarfi take yi. Ga kuma ita cajar da kanta tana zubo nata dattin, musamman irin na bogi marasa nauyi da ake sayarwa a shagunan waya.

Kar ka manta da sauran wayoyin da ke jikin laftof. HDMI da aka ja zuwa babban allo don nuna hotunan ango da amarya ita ma hanyar ardi ce, kuma muguwa ce don allon yawanci can nesa yake a wata soket daban. Wayar intanet, firinta, fankar sanyaya laftof mai jona wuta, duk ka zare su ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa shafe kusan awa guda a wata istiraha a bayan gari ina zargin caja, ashe mai ɗaukar bidiyo ne ya zo ya cusa HDMI ɗinsa lokacin da na fita sallah.

Wani zai ce toh shikenan sai in yi aikin a kan batir. Idan walimar awa ɗaya ce ba laifi. Amma bikin da za a kai ƙarfe 2 ko 3 na dare batir ba zai kai ka ba, kuma laftof da yawa suna rage ƙarfinsu idan suna kan batir, sai ka gudu daga gurnani ka faɗa yankewar waƙa.

5. Tara kayanka a tausila ɗaya

Wannan kyauta ne kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. Laftof, miksa, katin sauti na waje in kana da shi (duba mataki na 11), duk su sha daga tausila ɗaya, ita kuma daga soket ɗaya. In sifikunka masu wuta a jiki ne kuma ba manya can ba, su ma ka jawo musu daga nan. Zoben ya ƙanƙance, gurnani ya ragu ko ya mutu.

Gargaɗi: kar ka lafta manyan amfilifaya a kan 'yar tausilar riyal 15. Fulogin nan mai baki uku iyakarsa amp 13, wayar tausilar banza kuwa ba ta kai haka ba, za ka ji ta yi zafi tana warin roba. Taɓa ta da hannu bayan minti 20 da fara aiki.

Kuma ka nisanci layin da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ko firij ko tukunyar shayi mai wuta suke kai. Duk lokacin da kwamfuresan mukayyif ya tashi za ka ji ƙas a sifika. Fitilun ado masu rage haske da ƙara haske su ne gaba wajen kawo zzzz, haka ƙananan fitilun LED da ake naɗe kujerar amarya da su. Ka sami haris ɗin wurin, wato mai gadi, da girmamawa, "Baba don Allah wace soket ce ba ta haɗa layi da mukayyif ba?" ya fi ka sanin gidan, kuma in ka kyautata masa shi zai nuna maka akwatin bireka.

Sai babban abin da ya shafi nan ƙasar. Tsarin da ake kai yanzu shi ne volt 230 da soket mai baki uku irin ta Ingila, amma tsofaffin gine-gine a Makka da Jidda har yau za ka tarar da layi biyu, wanda mutane ke kira 110 da kuma 220, wani lokacin a bango ɗaya kuma ba rubutu. Cajar laftof ba ruwanta, karanta jikinta za ka ga 100 zuwa 240. Amma amfilifaya ko miksar da aka kawo daga gida mai 220 kaɗai, in ta samu ƙaramin layi sai ta riƙa gurnani tana shaƙewa in bas ya buga, ko ta ƙi tashi ma. Wadda aka sayo daga Amurka mai 120 kaɗai kuwa in ta haɗu da 220 sai hayaƙi. Karanta bayan kowace na'ura, kuma in kana da mita ka auna soket kafin ka cusa. A irin waɗannan gidajen ma ba kowace soket mai rami uku ce aka ja wa ardi na gaske ba, akwai ɗan abin gwaji mai fitilu da ake cusawa ya nuna maka, ba shi da tsada.

6. Sa aisoleta a kan wayar sauti

Idan ka tara su wuri ɗaya ƙarar ba ta tafi ba, yanzu ne lokacin taɓa aljihu. Abin da kake nema ɗan akwati ne mai taransifoma a ciki, sauti yana tsallakawa amma wutar da ke zagaye ba ta samun hanya. A Amazon ko Noon sunan da za ka rubuta shi ne ground loop isolator. Masu kayan sautin mota ma suna da shi don su ma wannan ciwon na damunsu. Ba ya cin wuta ba ya cin batir. Wurinsa tsakanin laftof da miksa, fitar laftof ta shiga inda aka rubuta IN, OUT ta tafi LINE na miksa.

Kuɗi: ƙananan masu RCA za ka samu daga kamar riyal 30 zuwa 80. Behringer HD400 yana wajen ɗari da wani abu, amma shi ramukan babban jak gare shi sai ka haɗa da kan canji. ART DTI ya fi shi tsada, amfaninsa yana da RCA da jak da XLR (ramin nan mai ƙafa uku irin na makirfo) duka a jiki. Na Radial kuwa ɗaruruwa ne, na masu aiki kullum. Farashi na motsi, ka duba da kanka.

Ra'ayina, araha ba ta ado. Na riyal 30 ɗin yana kashe gurnani kam, amma yana cin bas, kuma in ka tura masa sauti da ƙarfi sai ya fara dagulawa. Ga kiɗanmu da kalangu da ganga suke ɗauke da rawa, za ka ji abin ya rame. Ka riƙe shi a jaka na ko-ta-kwana, in sana'a kake yi da gaske ka sayi na tsakiya.

Masu cewa a sayi DI, wani ɗan akwatin da shi ma ake sawa a kan wayar sauti, ku gane: shi fitarsa XLR ce mai ƙaramin sauti irin na makirfo, an yi shi ne don ka aika sauti zuwa babbar miksar zaure mai nisa. A can yana da kyau sosai, ka danna makunnin GROUND LIFT ɗinsa gurnani ya mutu. Amma ba zai shiga ramin RCA na miksar DJ ba, kar ka saya don wannan.

Yanzu gargaɗin da ya fi duk abin da na rubuta. Za ka haɗu da wanda zai ce maka ka karya dogon ƙarfen fulogi na uku, ko ka naɗe shi da salatif, ko ka sa kan canji mai baki biyu. Eh ƙarar za ta ɗauke, ba ƙarya ya yi ba. Amma ƙarfen nan shi ne hanyar da wuta za ta bi ta gudu ta sa bireka ya faɗi ranar da waya ta gogu a cikin amfilifaya. Ka cire shi, hanyar da ta rage mata ita ce jikin miksa, da wayar makirfo, da leɓen wanda ke riƙe da makirfon yana yi wa ango addu'a. A tsakar istiraha kuma da aka wanke ƙasa ko ga wurin wanka a gefe, ga yara ba takalmi. Garin gyaran gira a rasa ido kenan. GROUND LIFT na jikin DI ardin wayar sauti yake yankewa, ba na wuta ba, shi ya sa shi ba shi da haɗari. Kada a ɗauke su abu ɗaya.

7. Idan cajarka mai baki biyu ce

Wannan kishiyar ta sama ce kuma tana ruɗa mutane. Wasu cajojin ba su da ardi tun daga kamfani, kamar ta MacBook in ka sa mata ɗan gajeren kan nan, da yawancin cajojin USB-C. Alamarta, in ka shafa jikin laftof na ƙarfe yana kan caji za ka ji wani ɗan tsiri-tsiri a yatsa, kuma ƙarar tana canzawa in ka ɗora hannu a kai. Nan ardin ne babu gaba ɗaya. Mai MacBook ya nemi doguwar wayar cajar ta asali mai baki uku, sau da yawa ita kaɗai ke gyarawa. In ba ta samu ba, aisoleta ɗin dai. In kuma cajar ta bogi ce ka yar da ita ka sayi ta asali, ba abin da zai tsabtace ta.

8. Wayar sautin kanta

Sa waƙa a hankali, kama kan wayar a jikin laftof ka ɗan juya shi, ka lanƙwasa wayar kusa da kai, ka yi haka a wajen RCA ma. In ka ji ƙas-ƙas ko gefe ɗaya na ɗaukewa, canza da ta biyun da ke jakarka. In sabuwar ma ta yi, ramin laftof ɗin ne ya buɗe ko ya yi datti. Ƙurar nan ƙasar ba ta da kirki, ga damshin Jidda da ke sa kan RCA ya dusashe ya yi tsatsa-tsatsa. Goge kawunan da ɗan sifirit a tsumma, a bari ya bushe. Kar ka fesa man cire tsatsa irin na ƙofa a cikin rami, maiƙonsa ƙura yake tarawa.

Wayar RCA ba ta son nisa. Mita 1 zuwa 2 ya isa, in ta wuce kamar mita 5 ta zama eriya. Matso da laftof kusa da miksa, nisan a bar wa XLR daga miksa zuwa sifika, ita an yi ta ne don doguwar tafiya. Kar ka ɗaure wayar sauti da ta wuta a dami ɗaya don kyan gani, kar kuma ka bar ta kwance a kan bulon caja. In dole su haɗu su gitta juna kamar alamar tarawa.

9. Idan ssss ne, gyara matakan murya

Yawanci mutum ya bar muryar laftof a 20 ko 30, sai ya je ya murɗe TRIM ko GAIN na miksa har ƙarshe don ya cike. Toh ka ƙara wa waƙa ƙarfi ka ƙara wa shuuu ɗin ma. Juya abin. Muryar laftof ta hau wajen 80, wasu suna ɗaukar 100 ba matsala wasu kuma suna fara dagulawa, kunnenka zai gaya maka. Muryar cikin manhajar ma ta kasance a sama. Sannan ka ɗaga TRIM a hankali har fitilun canel su riƙa wasa a kore suna leƙa ruwan lemo in bas ya buga. Ja ba ado ba ne, in ya zauna a ja sauti ya fashe. Daga nan MASTER, daga nan amfilifaya a ƙarshe.

Ka shiga saitin sauti na Windows ka kashe duk wani ƙarin gyaran sauti da kamfanin laftof ya cusa, ka kashe ƙarar sanarwa, ka fita daga WhatsApp na kwamfuta. Ba abin kunya irin ana tsakiyar shigowar amarya a ji ƙarar saƙo ta cika zaure.

Wani abu kuma, gwada da waƙarka mai tsabta. Waƙoƙin da dangin amarya ke turowa da rana tsaka, an tura an sake turawa, wasu ma daga bidiyo aka ciro, da dattinsu suke zuwa. Ba miksar da za ta wanke su. In da hali ka nemi MP3 mai inganci, mai 320 kbps, ka saurara a hedfon tun a gida.

10. Idan waƙa na yankewa ko tana tas-tas

Wannan ba ruwan wuta, laftof ne ba ya iya kai sauti a kan lokaci. A VirtualDJ ko rekordbox ko Serato ko Traktor shiga saitin sauti ka nemi wurin bafa (buffer), wato yawan sautin da laftof ke tarawa kafin ya tura, wasu sun rubuta latency. In yana 128 ko ƙasa, kai shi 256, in bai daina ba 512. A 512 jinkirin bai kai kashi ɗaya cikin 80 na daƙiƙa ba, mai sa waƙar biki ba zai ma ji shi ba. In miksarka ko kwantirolarka ta USB ce, sauke direban ASIO na kamfaninta ka zaɓe shi, kar ka bar na Windows. Saitin wuta ka mayar da shi kan mafi ƙarfi, ka hana Windows kashe ramukan USB don tattalin batir, kashe wayfai da bulutut, rufe burauza. Jona USB kai tsaye a jikin laftof ba ta mahaɗa mai ramuka da yawa ba, kuma ka gwada wani ramin. Akwai wata manhaja kyauta LatencyMon da ke nuna maka direban da ke riƙe kwamfutar, ka bar ta ta yi minti 10 a gida.

Zafi ma na sa wannan. Da rani a Makka rana na haura 45, da dare ma tsakar gida ba sanyi, laftof in ya yi zafi rage gudu yake. Kar ka ɗora shi a kan kafet ko mayafin tebur mai kauri, ɗaga bayansa iska ta shiga, kuma ka sa a busa masa ƙura lokaci-lokaci.

11. Katin sauti na waje

Kukan sauron nan da ke bin motsin maus, da ramin hedfon da ya gaji, maganinsu na dindindin shi ne ka daina amfani da ramin laftof ɗin. Ƙaramin katin USB irin Behringer UCA202 ko UCA222 yana da fitar RCA kai tsaye, kuɗinsa bai cika wuce riyal 200 ba. Amma kar wani ya ruɗe ka cewa yana kashe gurnanin wuta, wayar USB ita ma tana ɗauke da ardi, zoben na nan. Idan mataki na 4 ya nuna caja ce, ko da katin sai ka sa aisoleta a bayansa. Akwai kuma aisoleta ta USB, sai dai masu arahar a hankali suke tafiya, ƙaramin kati zai yi aiki da su amma yawancin kwantirola da miksa masu USB ba za su ma gan su ba.

12. Gwajin ƙarshe kafin ka fita

Ƙarar da ta fi ciwo ita ce wadda ba ta zuwa sai taro ya cika. Saboda haka ka roƙi haris ya kunna komai kamar yadda zai kasance da dare, duk mukayyif, fitilun ado, allon bidiyo, injin hayaƙi in akwai, sannan ka ɗaga murya ba waƙa ka zagaya ka saurara. Ɗauke wayarka daga kan miksa, dit-dit-dit ɗin nan da ake ji kafin kira ya shigo daga nan yake, kuma ka hana a mayar da tausilarka wurin cajin wayoyin jama'a, ni salatif nake liƙe ragowar ramukan da shi. Makirfo kuma a tsaya da shi a bayan sifika ba a gabanta ba, in ya yi kuwwa a sauke fedarsa, kar a rufe kansa da tafin hannu don ƙaruwa take yi.

In wata za ka bar wa kayan, nuna mata abu uku kawai: fedar waƙa, fedar makirfo, da MASTER. Liƙa salatif a kan TRIM da makunnin LINE. Ka ce mata "Anti in kin ji gurnani ya taso ki fara zare caja ki kira ni", batir zai riƙe ta kafin ku gano wanda ya jona wani abu. Wajen kunnawa laftof da miksa ne farko, amfilifaya ko sifiku a ƙarshe. Wajen kashewa sifiku ne farko, sannan sauran.